Sardauna Ahmadu Bello: Ɗan Rabah da ya san wanda yake yi wa magana

Kafin in shiga tarihin mutumin da na yi niyyar tunawa da shi a yau, bari in fara da tonon asirin kaina, domin abin da ya same ni ne ya sa na koma ga littattafan da na daɗe da jinginewa.

Shekarun baya wata ƙungiya ta ɗauke ni aikin wayar da kan manoman rani a wani ƙauye da ke ƙasar Goronyo, game da yadda za a riƙa rabon ruwa tsakanin gonaki. Na kwana uku ina shiri. Na tafi da kwamfuta da majigi da ɗan janareta, da shafuka kusan arba'in cike da jadawali da alƙaluma, akasarinsu da Turanci. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren makaranta, manoman albasa da shinkafa da tafarnuwa suka zauna, ni kuwa na juya musu ƙeya na fuskanci allo, ina karantawa ina fassarawa da wata irin Hausa wadda ko ni kaina da ƙyar nake gane ta. Da na gama aka yi mini tafi na ladabi. Sai wani dattijo ya nemi izini, ya tambaye ni abu biyu: yaushe za a sako ruwa daga madatsar, kuma in za a sako da yawa wa zai sanar da su tun da wuri, domin ba su manta da ambaliyar 2010 ba. Babu ko ɗaya daga cikin shafukana arba'in da ya taɓo wannan. Na yi ta kame-kame. A hanyar komawa Sakkwato na ratse Wurno na yi ziyara, ina ta saƙe-saƙe a zuci, ina tambayar kaina yadda aka yi ɗan boko irina, a ƙasar da ta haifi Ahmadu Bello, ya kasa yi wa mutum hamsin bayani.

An haifi Ahmadu a garin Rabah a 1910, a bakin Gulbin Sakkwato, kimanin mil ashirin gabas da birnin. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Na kawo wannan salsala ne saboda magana a gaban jama'a tana daga cikin gādon gidan. Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837 kuma a can kabarinsa yake, ya bar mana a cikin Infaƙul Maisuri bayanin yadda mahaifinsa yake fita wa'azi, kuma duk wanda ke koyar da fasahar jawabi a jami'o'inmu ya kamata ya fara da wannan babi kafin ya ɗauko littattafan Amurka. Bello ya nuna cewa Shehu kan dakata kaɗan kafin ya isa wurin taro domin ya sabunta niyyarsa, ya roƙi Allah Ya fahimtar da mutane abin da zai faɗa. In ya iso sai ya yi sallama da muryar da kowa zai ji, da sakin fuska, sannan ya nemi a yi shiru. Ba ya ƙosawa da masu katse shi da tambaya, ko da marasa ladabi ne. Yakan tsaya ya amsa, sannan ya ci gaba. Kuma yana yi wa mutane magana da harshen da suke ji. Mai karatu ya dubi wannan, ya dubi ni da na juya wa manoma baya.

Ahmadu ya tashi maraya, domin mahaifinsa ya rasu yana ɗan ƙaramin yaro. Ya yi karatun allo a Rabah, aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931. Wannan kwaleji ta shahara da horar da ɗalibanta a kan furta Turanci dalla-dalla, har ya zama ana gane ɗan Katsina da zarar ya buɗe baki. A can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya same shi, wanda daga baya duniya ta yi wa laƙabi da mai muryar zinariya. Gara in faɗa tun yanzu: in zaƙin murya da tsara jimla ake nema, Ɓalewa ya fi Sardauna. In iya tsokana da saka talaka dariya yana jin zafin zalunci ake nema, Malam Aminu Kano ya fi shi. Wanda ya saurari Maitama Sule kuwa ya san inda balaga ta ƙare. Duk da haka Sardauna ne ya riƙe Arewa shekara goma sha ɗaya da 'yan watanni yana Firimiya, kuma da baki ya yi mafi yawan aikin. Wannan shi ne abin da ya cancanci a tsaya a duba.

A nawa ganin, makarantar da ta koya masa magana ita ce Rabah. Bayan ya yi shekara uku yana koyarwa a Midil ta Sakkwato, sai aka naɗa shi Sarkin Rabah a 1934, yana ɗan shekara ashirin da huɗu. Matasanmu na yau ba su san nauyin aikin hakimi na wancan zamani ba. Shi ne mai ƙidayar mutane da shanu, shi ne mai tara haraji da jangali, shi ne mai isar da umurnin En'e da na Bature ga mutanen da ba su nemi a kawo musu shi ba. Yana hawa doki ya bi ƙauyuka rangadi, ya sauka a ƙofar gidan dagaci, ya zauna da dattawan da suka haifi ubansa a shekaru, ya gaya musu abin da ba su son ji, kuma dole ya bar garin da mutuncinsa da nasu. Ba lasifika, ba takarda a hannu, ba mai rubuta masa jawabi. Idan bayaninsa bai shiga ba, ba sai an gaya masa ba: harajin ba zai cika ba, ko Fulani su kwashe shanunsu su tsallaka wata gunduma. Mutumin da ya yi shekara huɗu a wannan aji ya koyi karanta fuska. Ya san shirun yarda, ya san shirun da ke nufin ka gama mu tashi. Mu da muka koyi jawabi a ɗakin taro na otal, inda kowa ke tafi saboda an yi alkawarin kuɗin mota, ba mu taɓa cin irin wannan jarrabawa ba.

A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu. Ahmadu ya nemi sarauta bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabas. Gusau gari ne na jirgin ƙasa da auduga da gyaɗa, cike da 'yan kasuwa da ma'aikata daga Kudu da kamfanonin Turawa, saboda haka a nan ya fara sabawa da masu sauraro waɗanda zuri'ar Shehu ba ta razana su. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Shari'ar ta ƙara masa suna a wajen 'yan bokon Arewa, waɗanda suka ɗauke ta a matsayin bi-ta-da-ƙulli. Ya je Ingila a 1948 ya ga yadda ake gudanar da ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna a 1949, ya shiga jam'iyyar NPC, ya zama minista a 1952. Wannan duk sananne ne, ba sai na ja shi ba.

Inda nake so mu dakata shi ne ranar 31 ga Maris, 1953, a Majalisar Wakilai ta Ikko. Anthony Enahoro na jam'iyyar Action Group ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956. Sardauna ya tashi ya nemi a yi gyara, a cire shekarar, a bar maganar sai lokacin da ya yiwu. Hujjarsa ita ce Arewa ba ta da isassun ma'aikata masu ilimin zamani, kuma wakilanta ba su tuntuɓi mutanensu ba, don haka ba su da hurumin ɗaure su da rana. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, hujja ce mai ma'ana. Amma an yi cacar baki, 'yan Kudu suka fice daga zauren, shi kuma ya miƙe ya yi jawabin da shi da kansa ya ce bai taɓa yin gajere kamarsa ba: jimla guda, wadda ta nuna cewa kuskuren da aka yi wajen haɗe Kudu da Arewa a 1914 ya fito fili, kuma ba zai ƙara komai a kai ba. Yau shekara sama da saba'in ke nan ana maimaita wannan jimla, har waɗanda ba su san ranar da aka faɗe ta ba, ko dalilin faɗinta, suna kafa hujja da ita.

Ga darasin da nake gani a nan, kuma mai ɗaci ne. Sardauna ya yi wa zauren majalisa magana, ya yi wa Arewa magana, amma akwai wasu masu sauraro na uku a bakin ƙofa waɗanda bai tanadar musu komai ba: mutanen Ikko da jaridunsu. Da wakilan Arewa suka fito aka yi musu ihu, aka kira su 'yan koren Turawa, aka bi su da ba'a har tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida. Mutumin da ya taso a inda ko maƙiyinka sai ya gaishe ka kafin ya soke ka, wannan wulaƙanci bai taɓa fita daga ransa ba. A watan Mayu, da Akintola ya shirya zuwa Kano domin kamfe a kan maganar 1956, rikici ya ɓarke, mutum 36 suka mutu bisa ƙidayar hukuma. Majalisun Arewa suka amince da manufofi takwas waɗanda saura ƙiris su zama ɓallewa. Daga wannan ne aka tafi taron Landan, aka fito da tsarin tarayya na 1954, wanda ya sa Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa a watan Oktoba na shekarar. Duk wanda ke ɗaukar jawabi a matsayin ado ne na buɗe taro, to ya sake karanta tarihin waɗannan watanni.

Tun daga nan, a fahimtata, ya yanke wa kansa shawarar inda muryarsa ta fi amfani. Ko bayan zaɓen Disamba 1959, da NPC ta fi kowace jam'iyya kujeru, bai tafi Ikko ba. Ya bar Ɓalewa, wanda Turancinsa da haƙurinsa suka dace da wancan dandali, shi kuma ya zauna Kaduna. Mutane kan fassara wannan da girman kai, ko da kwaɗayin sarautar Sakkwato, kuma mai yiwuwa akwai ɗan kowanne. Ni dai ina ganin har da sanin kai. Ba kowane mai magana ne ya dace da kowane zaure ba, kuma kaɗan ne daga cikinmu ke da ƙarfin halin amincewa da haka.

A Arewa kuwa, hakimin nan na Rabah ne ya dawo, sai dai gundumar ta zama larduna goma sha biyu, daga baya sha uku. Rangadi ya zama rabin aikinsa. Dattawan da suka riski zamanin, waɗanda na zauna da su a Sakkwato da Kaduna, kusan abu ɗaya suke faɗa. Yana zuwa a kan lokaci, har yakan riga masu masaukinsa shiri. Tun kafin ya buɗe baki jawabi ya fara: dogo ne kakkaura, ga rawani, ga babbar riga, ga ayarin motoci, ga makaɗa irin su Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata da suka riga suka kai sunan Gamji kowane lungu. Yakan kama sunan mutum da na ubansa, ya tsokani wanda akwai wasa tsakaninsu, ya tambayi labarin rijiya ko gadar da aka yi maganarta a zuwansa na baya. Yana da saurin fushi da saurin hucewa, kuma kyautarsa ta riguna da kuɗi ta zama abin ba da labari. Wani zai ce wannan ai ba jawabi ba ne, siyasa ce. Amsata ita ce, ga mutumin karkara, wanda ya san sunan ubanka ya riga ya sayi kunnenka, kuma abin da zai faɗa bayan nan ba ya bukatar dogon sharhi.

Saƙon nasa ma ba mai yawa ba ne. A kai yara makaranta. A shiga aikin soja da na gwamnati. A yi noma. Arewa ɗaya ce, duk da bambancin ƙabila da addini. A yi aiki, a yi ibada. Ya yi ta nanata waɗannan har suka zama kamar karatun allo. Mu kuwa muna jin kunyar maimaitawa, muna ganin kamar za a ce iliminmu ya ƙare, shi ya sa muke cusa abu talatin a cikin minti ashirin, a tashi ba wanda ya riƙe ko ɗaya. Sannan yana da abin nunawa. Idan ya yi maganar ilimi, ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a Oktoba 1962. Idan ya yi maganar tattalin arziki, ga Bankin Arewa da masaƙun Kaduna. Kunne ya fi saurin gaskata abin da ido ya gani.

Ya kuma gane da wuri cewa ƙafa ba za ta kai ko'ina ba. Gwamnatinsa ta yi amfani da Gaskiya Ta Fi Kwabo, da azuzuwan Yaƙi da Jahilci, da motocin majigi da ke shiga ƙauyuka da daddare suna nuna fina-finan tsafta da noma da rangadin Firimiya, ga mai bayani a gefe yana yi da Hausa. A 1962 aka kafa gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Abin dariya, abin takaici, sunan majigi ɗin nan shi muka ara muka ba na'urar da muke haska shafukanmu da ita a yau. Bambancin shi ne, a wancan lokaci hoto ne ke kan allo, mutum yana bayani. Mu kuma rubutu muke zubawa a allo, mu tsaya muna karanta wa mutane abin da suke gani da idonsu, ko abin da ba su iya karantawa.

Ba zan yi wa mai karatu adalci ba in na tsaya a yabo. Muryar Sardauna ta yi amo ne a fagen da aka rage wa abokan hamayyarsa murya. 'Yan NEPU sai da izinin En'e suke taro, kuma sau da yawa ba a ba su. Da yawansu sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai saboda kalmar da suka furta a dandali. Wanda ke auna fasahar Sardauna da ta Aminu Kano dole ya sa wannan a ma'auni. Rangadin musuluntarwa da ya duƙufa a kai daga 1963 zuwa 1965 ya faranta ran Musulmi da yawa, amma ya tsorata wasu 'yan Arewa waɗanda ba Musulmi ba, domin sun kasa rarrabe muryar mai wa'azi da ta Firimiya, alhali shi ne ya koya musu cewa Arewa ta kowa ce. Akwai kuma hirar nan da ya yi da wani ɗan jarida Bature a gaban kyamara, inda yake kare manufar fifita 'yan Arewa wajen ɗaukar aiki, ya siffanta Ibo da son mamaye duk inda suka shiga. Manufar tana da hujjarta a lokacin, amma siffantawar kuɗin goro ce ga al'umma guda, kuma yau faifan yana yawo a YouTube, jikokin waɗanda aka siffanta suna kallo. Mutumin da ya ƙware wajen sanin wanda ke zaune a gabansa, sau biyu ke nan yana tuntuɓe da wanda ke sauraro daga bayan katanga. Mu da kowace kalma tamu waya ke ɗauka, wannan ya fi shafarmu fiye da shi.

Na koma ƙauyen nan na Goronyo bayan wata biyu, ba don ƙungiyar ta sake tura ni ba, sai don kunya ta hana ni sakat. Na bar kwamfuta a gida. Na fara sauka wurin mai gari, na yi yini guda ina bin gonaki ina tambaya, na je na nemo amsar tambayoyin nan biyu gwargwadon abin da na samu, wanda ban samu ba kuma na ce ban samu ba. Taron bai kai rabin awa ba, tambayoyi suka ci awa biyu. Ba a yi mini tafi ba, amma da zan tafi sai na tarar an sa mini rabin buhun albasa a bayan mota. Ba na cewa na zama gwani. Har gobe in na ga makirfo sai in ji Turanci yana yi mini ƙaiƙayi a harshe, kuma har gobe ina ɓata minti biyar wajen jero sunayen manyan baƙi, ciwon da ya zame mana ruwan dare.

Ƙarshen Sardauna sananne ne. Ranar 1 ga Janairu, 1966, jaridar New Nigerian ta fara fitowa a Kaduna, ita ce kafar magana ta ƙarshe da ya kafa wa Arewa. Ya je Umra ya dawo. A daren 15 ga watan, cikin azumin Ramadan, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka far wa gidansa, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu, yana da shekara hamsin da biyar. A Ikko aka ɗauke Ɓalewa, a Ibadan aka kashe Akintola, wanda zuwa lokacin ya zama abokin ƙawancensa. Da rana ta yi, mutanen Rabah da Wurno da Goronyo masu akwatin rediyo suka murɗa tashar Kaduna, wadda shi ya gina, sai suka ji wata baƙuwar murya tana karanta dokar soja da Turanci, suna ta neman wanda zai fassara musu. Allah Ya jiƙan Gamji, Ya gafarta masa kurakuransa, amin.